FASHIN BAƘI: Daga Nono Zuwa Kunu: Abin Da Garin Sinadarai Zai Iya Yi Wa Jariri, Da Abin Da Ba Zai Iya Ba

A watan Yulin 2025, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta sanar da cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin watanni shida na farkon shekarar, sakamakon tamowa. Labarin ya karaɗe kafafen sada zumunta na 'yan kwanaki, aka yi Allah-wadai, aka yi musayar zargi tsakanin magoya bayan gwamnati da 'yan adawa, daga nan hankali ya koma wani wurin.

Sai dai yaron da aka kwantar a gadon asibiti, damtsensa ya tsotse, idanunsa sun zurma, ba ranar da aka kawo shi ba ne ya fara ciwo. A mafi yawan lokuta matsalarsa ta faro ne watanni da dama kafin nan, a cikin kofin kunu mai ruwa-ruwa da ake ɗura masa safe da yamma, kunun da ke cika ciki amma ba ya gina jiki.

Wannan tsakanin, wato daga lokacin da jariri ya cika wata shida zuwa cikarsa shekara biyu, shi ne lokacin da ake haɗa masa nono da abinci, kuma a nan ne akasarin yaran da za su tsumbure ke tsumburewa. Domin toshe wannan giɓi ne masana suka ƙirƙiro wasu ƙananan ƙunshe-ƙunshe na sinadaran gina jiki da ake ƙarawa a abincin jariri a gida. Mene ne su, yaya suke aiki, mene ne iyakarsu, kuma wa ya kamata ya biya kuɗinsu?

Abin da ke faruwa a wata na shida

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla, ba ruwa ba tsimi ba jiƙo, har ya cika wata shida. Daga nan a fara ba shi abinci, a kuma ci gaba da shayar da shi har shekara biyu ko fiye.

Dalilin zaɓen wata shida ba ya rasa nasaba da sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan lafiya ke kira ayon, sinadarin da jiki ke ƙera jini da shi, ƙwaƙwalwa kuma take buƙata domin bunƙasa. Jaririn da aka haifa cikin ƙoshin lafiya yakan zo duniya da ajiyar ayon da ya samo daga mahaifiyarsa tun yana ciki. Wannan ajiya kan ƙare wajen wata na shida. Idan uwar na fama da ƙarancin jini lokacin goyon ciki, ko aka haifi yaron bakwaini, ajiyar kan ƙare tun kafin nan. Nonon uwa, duk da bai da tamka a sauran fannoni, ayon ɗin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai.

Ga inda lissafin ke ɗaure kai. Bisa ma'aunin da hukumomin lafiya na Amurka ke amfani da shi, jariri ɗan wata 7 zuwa 12 na buƙatar miligiram 11 na ayon a rana, alhali ƙaton magidanci miligiram 8 ya ishe shi. Amma tumbin jaririn bai wuce ya ɗauki kimanin kofin shayi guda na abinci a zama ɗaya ba. Masana sun ƙiyasta cewa tsakanin wata 9 zuwa 11, fiye da kashi 90 cikin 100 na ayon da yaro ke buƙata dole daga abinci zai fito, ba daga nono ba. Buƙata babba, mazubi ƙarami. Ke nan kowane cokali da zai shiga bakin yaro a wannan lokaci sai ya kasance ɗauke da kaya.

Me ya sa kunu kaɗai bai wadatar ba

A mafi yawan gidajen ƙasar Hausa, abincin farko na jariri shi ne kunu ko koko na gero, dawa ko masara. Ana tace gasara, a dama ta da ruwa sosai domin kada ta shaƙe yaro, wani lokaci a zuba sukari. Uwar da ta yi haka ba sakaci ta yi ba, abin da ta gada ke nan, kuma abin da ke rumbu ke nan.

Matsalar kashi biyu ce. Ta farko, kunu mai ruwa-ruwa akasarinsa ruwa ne. Yaro zai ƙoshi, cikinsa ya yi tim, amma ƙarfin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yaron da ke shan nono na buƙatar ƙarin kalori kimanin 200 a rana daga abinci tsakanin wata 6 zuwa 8, kimanin 300 tsakanin wata 9 zuwa 11, da kimanin 550 daga shekara ɗaya zuwa biyu. Kunun da ke zuba daga cokali kamar ruwa da wuya ya cika wannan ma'auni.

Ta biyu, hatsi na ɗauke da wani sinadari mai suna fayitet, wanda ke riƙe ayon da zink ya hana hanji tsotsarsu. Gero na da ayon daidai gwargwado, amma abin da jiki ke amfana da shi daga ciki ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da na hanta, nama ko kifi. Jiƙa hatsi, barin sa ya yi tsami, ko sa shi ya tsira kafin a niƙa na rage wannan sinadari, kuma dabaru ne da iyayenmu mata suka daɗe da sani. Suna taimakawa, amma ba sa rufe giɓin gaba ɗaya.

Abin da ke rufe shi shi ne abinci iri-iri. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke amfani da shi ya raba abincin yaro rukuni takwas: nonon uwa, hatsi da dangin rogo da dankali, wake, gyaɗa da danginsu, madara da abin da ake yi da ita, nama da kifi, ƙwai, ganyaye da 'ya'yan itatuwa masu bitamin A irin su zogale, kabewa, karas da mangwaro, sai sauran kayan lambu da na marmari. Ana so yaro ya samu aƙalla biyar daga cikin takwas ɗin a kowace rana.

Abin da alƙaluma ke cewa

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya gano cewa kashi 11 cikin 100 kacal na yaran Najeriya 'yan wata 6 zuwa 23 ke samun mafi ƙarancin abincin da ake ɗauka a matsayin karɓaɓɓe, ta fuskar yawan ci da kuma bambancin abin da ake ci. Kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 na fama da ƙarancin jini. Kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57, kuma a jihohin Kebbi, Jigawa da Katsina ya haura kashi 60.

Binciken da ya biyo baya, na 2023 zuwa 2024, ya nuna cewa tsumburewa ta ƙaru zuwa kashi 40 a faɗin ƙasar. Shayar da nono zalla kuwa ta tsaya cak a kashi 29, kamar yadda take a 2018. A tsakanin nan ne aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashin abinci kuma ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, a cewar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Idan farashi ya tashi, abin da ke fara ɓacewa daga tukunya shi ne ƙwai, nama, kifi da madara, wato ainihin abubuwan da jariri ya fi buƙata. Tuwo shi ke saura.

Tsumburewa ba maganar gajarta kaɗai ba ce. Alama ce ta cewa jiki da ƙwaƙwalwa sun rasa abin da suke buƙata a lokacin da suka fi saurin girma. Bincike a ƙasashe da dama ya danganta ta da raunin garkuwar jiki, jinkirin fahimtar karatu, da ƙarancin abin da mutum zai iya samu idan ya girma. Bayan shekara biyu, gyara ɓarnar na da matuƙar wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Nau'o'i uku na kayan ƙari

Na farko shi ne garin sinadarai, wanda ma'aikatan lafiya ke kira MNP. Wani likitan yara ɗan ƙasar Kanada, Stanley Zlotkin, shi ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1990 a wani asibitin yara da ke Toronto, ya sa masa suna Sprinkles. Kafin nan, ana ba jarirai ayon ne a matsayin maganin ruwa, mai ɗanɗanon tsatsa, mai ɓata haƙora, wanda iyaye ke gajiya da shi su watsar. Dabarar Zlotkin ita ce lulluɓe ƙwayoyin ayon da wani siririn maiƙo, ta yadda ba za su sauya ɗanɗano ko launin abinci ba. Ana zuba garin a 'yar leda mai nauyin giram ɗaya, uwa ta barbaɗa a abincin da ta saba ba yaronta. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta ce kowane ƙunshi ya ƙunshi miligiram 10 zuwa 12.5 na ayon, miligiram 5 na zink da bitamin A, a ba yaro ƙunshi 90 cikin wata shida, a duk yankin da ƙarancin jini ya kai kashi 20 cikin 100 a tsakanin ƙananan yara. Samfurin da UNICEF ta fi rarrabawa na ɗauke da sinadarai 15.

Na biyu shi ne wani ɗan kwaɓi mai kama da tunkuza mai laushi, wanda ake kira SQ-LNS. Ana haɗa shi da gyaɗa, mai, garin madara, ɗan sukari da sinadarai. Kowane ƙunshi giram 20 ne, yana ba da kalori ɗari da 'yan kai. Bambancinsa da garin sinadarai shi ne yana ɗauke da maiƙo da furotin, ba bitamin kaɗai ba. An yi manyan gwaje-gwajensa a Ghana, Malawi, Burkina Faso da wasu ƙasashe.

Na uku shi ne garin kunu da aka inganta tun daga masana'anta. A Burkina Faso, Mali da Nijar an daɗe da sanin garin Misola, wanda ƙungiyoyin mata ke haɗawa da gero, waken suya da gyaɗa, a ƙara masa sinadarai. A Najeriya, garin Tom Brown na soyayyen hatsi da waken suya da gyaɗa ya samu karɓuwa, musamman a Arewa maso Gabas. Sai dai wanda aka haɗa a gida, duk da ya fi kunu zalla nesa ba kusa ba, ba lallai ne ya cika ma'aunin ayon da zink ba idan ba a ƙara masa ba.

Dole a bambanta waɗannan uku da jan ƙunshin nan da ake ba yaran da tamowa ta riga ta kayar, wato RUTF, wanda aka fi sani da sunan Plumpy'Nut. Likitan Faransa André Briend da kamfanin Nutriset ne suka samar da shi a 1996, kuma ya yi suna ne a lokacin yunwar Nijar ta 2005, sa'ad da MSF ta yi wa dubban yara magani da shi a yankin Maraɗi. Ƙunshinsa giram 92 ne mai kalori 500. Wannan magani ne na yaron da ya riga ya faɗi. Waɗancan ukun rigakafi ne domin kada ya faɗi.

Wani zai ce, ai Najeriya ta riga ta wajabta ƙara sinadarai a abincin kasuwa. Gaskiya ne: tun shekarun 1990 ake sa aidin a gishiri, kuma daga 2002 aka wajabta bitamin A a fulawa, sukari da man girki. Amma an tsara wannan ne bisa cin babban mutum. Abin da jariri ɗan wata takwas ke ci na fulawa ko mai bai kai ya biya masa buƙata ba, kuma gidan da ke kai hatsinsa injin niƙa na unguwa, shirin bai ma isa gare shi ba.

Abin da bincike ya tabbatar

A 2020, cibiyar Cochrane, wadda ke tattara sakamakon gwaje-gwajen lafiya tana tace su, ta duba nazari 29 da suka shafi yara fiye da 33,000. Ta gano cewa garin sinadarai ya rage ƙarancin jini da kashi 18 cikin 100, ya rage ƙarancin ayon da kashi 53. Amma ba ta ga shaidar cewa yana ƙara wa yaro girma ba. Wannan ba abin mamaki ba ne: giram ɗaya na gari ba abinci ba ne, ba ya maganin yunwa.

Sakamakon SQ-LNS ya fi faɗi. Wani nazari na 2021 da ya haɗa gwaje-gwaje 14 ya nuna ya rage tsumburewa da kashi 12, ya rage rama da kashi 14, ya rage ƙarancin jinin da rashin ayon ke haddasawa da kashi 64. Wani nazarin na 2020 ya nuna raguwar mace-mace da kashi 27 cikin 100 a tsakanin yara 'yan wata 6 zuwa 24 da aka ba shi. Da wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a sabuwar ƙa'idarta ta ciyar da jarirai ta 2023, ta ce yana iya yin amfani a yankunan da ke fama da ƙarancin abinci.

Ya kamata a karanta alƙaluman nan da idon basira. Rage tsumburewa da kashi 12 na nufin a garin da yara 60 cikin 100 ke tsumburewa, adadin zai sauko zuwa wajen 53. Yara bakwai cikin kowane ɗari ba ƙaramin abu ba ne, amma sauran 53 na nan. Abin da ya tsumburar da su ya haɗa da gudawa mai yawan dawowa, ruwa mara tsafta, zazzaɓin cizon sauro, uwar da ita kanta ba ta ƙoshi ba, da haihuwa kusa-kusa. Babu 'yar ledar da za ta magance waɗannan.

Inda hatsarin yake

Ayon ba ɗan adam kaɗai ke buƙatarsa ba. Ƙwayoyin cuta ma da shi suke rayuwa. A wani babban gwaji da aka yi a tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, wanda aka wallafa a 2006, yaran da aka ba ayon da folik asid sun fi waɗanda ba a ba su ba yiwuwar kwanciya asibiti ko rasuwa da kashi 12 cikin 100, har aka dakatar da wannan ɓangare na gwajin kafin lokaci. Wani gwajin a Pakistan, da aka wallafa a 2013, ya gano ƙaruwar gudawa a tsakanin yaran da aka ba garin sinadarai.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Matsayar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ci gaba da ba da ayon a irin waɗannan yankuna, amma tare da gidan sauro, gwaji da magani. A jihohin Arewa akwai shirin ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin a lokacin damina. Duk inda aka raba garin sinadarai ba tare da waɗannan ba, an yi rabin aiki ne, kuma rabin da ya rage na iya zama mai haɗari.

Yadda ake amfani da shi a gida

Ƙa'idojin ba su da yawa, amma kuskure a cikinsu na ɓata amfanin duka. Ana ɗebo abinci kaɗan, daidai wanda yaro zai iya cinyewa, a bar shi ya huce, sannan a juye ƙunshi ɗaya gaba ɗaya a gauraya. Ba a zuba garin a tukunya tana kan wuta, ko a abinci mai zafi, domin zafi na narkar da maiƙon da ya lulluɓe ayon, abincin ya sauya launi da ɗanɗano, yaro ya ƙi ci. Ba a zuba shi a ruwa, shayi ko kunu mai tsinkewa, domin yakan taso sama ya manne a jikin kofi. Ana so a ciyar da yaro cikin rabin sa'a da haɗawa. Ƙunshi ɗaya na yaro ɗaya ne, kuma ba a wuce ɗaya a rana. Idan bayan gidan yaro ya yi duhu, ba abin tsoro ba ne. Ayon ne ya jawo. Yaron da ake yi wa maganin tamowa da RUTF ba a ƙara masa garin, domin wancan ya riga ya ƙunshi sinadaran.

Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san inda gizo ke saƙar. Uwa mai yara huɗu, kwano ɗaya, za a ce mata ta ware wa ƙaramin nasa daban, yayyensa na kallo. Uwar miji na iya cewa ba ta yarda da garin da ba a san asalinsa ba, maigida kuma ya ji jita-jita a majalisa. Shi ya sa shirye-shiryen da suka tsaya ga raba kaya kawai, ba tare da ma'aikaciyar lafiya ta zauna da uwa da kaka da uba ta yi musu bayani ba, kan ƙare da ledoji jibge a ƙarƙashin gado.

Kada kuma ƙunshin ya sa a manta da abin da ke hannu. Kunu mai kauri wanda ke zama a cokali, da aka ƙara masa gyaɗa ko garin waken suya da ɗan mai, ƙwai dafaffe da aka murƙushe, 'yar hanta, garin busasshen kifi, wake da aka dafa ya yi luguf, zogale, alayyafo ko kabewa. Camfin cewa yaron da aka saba wa ƙwai zai tashi ɓarawo ba shi da tushe, kuma ya hana yara da yawa abinci mafi sauƙin samu a gidan da ake kiwon kaji. A kula kuma da gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, domin suna ɗauke da gubar afulatoksin mai illa ga hanta.

Haka nan ba kowane gwangwani mai hoton jariri ne alheri ba. A 2024 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta wallafa binciken da ya nuna cewa garin Cerelac da ake sayarwa a ƙasashe masu tasowa, ciki har da Najeriya, na ɗauke da ƙarin sukari, alhali irinsa da ake sayarwa a wasu ƙasashen Turai babu. Kamfanin Nestlé ya ce kayansa na bin dokokin ƙasashen da yake sayar da su. Ko ma dai yaya ne, wannan ya mayar da tambayar ga hukumar NAFDAC da ƙa'idojinta.

Wa zai biya?

A nan ne maganar ta tashi daga ɗakin girki ta koma zauren majalisa. Shekara da shekaru, akasarin kayan yaƙi da tamowa a Najeriya da kuɗin masu ba da agaji na waje ake sayen su. A 2018 Bankin Duniya ya amince da shirin ANRiN na dala miliyan 232, mafi yawansa bashi ne, domin jihohi 12 da suka haɗa da Kano, Kaduna, Katsina, Gombe da Neja, kuma rabon garin sinadarai ga yara 'yan wata 6 zuwa 23 na cikin ayyukansa. A 2025 kuma gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID, wasu ƙasashen Turai suka rage tallafi, Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa za ta rufe cibiyoyin kula da yara masu tamowa a Arewa maso Gabas saboda rashin kuɗi. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da maƙwabcin ya sauke, da yunwa zai kwana.

Akwai ƙofar da ke buɗe. Asusun Ciyar da Yara da UNICEF ke jagoranta na ninka duk abin da gwamnati ta zuba domin sayen irin waɗannan kaya: naira ɗaya daga jiha, naira ɗaya daga asusun. Wasu jihohi, ciki har da Jigawa da Katsina, sun shiga tsarin. Akwai kuma masana'antun sarrafa irin wannan abinci a Kano da Legas, da kuma Yamai a Nijar, abin da ke nufin gyaɗar manomin Arewa na iya komawa cikin ɗansa maimakon a jira jirgin ruwa. A matakin tarayya, akwai Majalisar Ƙasa kan Abinci Mai Gina Jiki, wadda Mataimakin Shugaban Ƙasa ke shugabanta.

Amma sanya kuɗi a kasafi daban, sakin su daban. Najeriya ce ta karɓi baƙuncin taron Abuja na 2001, inda shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kuma har yau gwamnatin tarayya ba ta taɓa kusantar wannan adadi ba. Abincin yara kuma ɗan ƙaramin layi ne a cikin wannan ɗan kason. Ga matsalar karkatar da kaya: UNICEF ta sha kokawa kan yadda ake ganin abincin tamowa, wanda aka rubuta ba na sayarwa ba ne a jikinsa, a kasuwanni da shaguna. Duk ƙunshin da aka sayar wa babba ya lashe don marmari, daga bakin wani yaro aka fizge shi.

Rigakafi na da wata matsalar ta siyasa: ba ya ɗaukar hoto. Gwamna zai iya yanke ƙyalle a bakin gadar sama ko sabon ginin asibiti, amma babu bikin da ake yi wa yaron da bai kamu da tamowa ba. Ribar kuma sai bayan shekara goma sha biyar ko ashirin za a gan ta, lokacin da wanda ya sa hannu a takardar ya daɗe da barin ofis.

Tambayoyin da ya kamata a yi

Matashin da ke bibiyar siyasa na da abin yi a nan wanda ya wuce jimami a Facebook. Kasafin kuɗin jihohi da rahotannin aiwatar da shi na wata uku-uku na fitowa a shafukan intanet na gwamnatoci. A duba: nawa jiha ta ware wa abinci mai gina jiki a bara, nawa ta saki? Ta zuba nata kason a asusun da ake ninkawa? Kayan da aka sayo duk na magani ne, ko akwai na rigakafi? Asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku na da garin sinadarai ko SQ-LNS a yau, ko sai lokacin makon lafiyar mata da yara da ake yi sau biyu a shekara? Ma'aikaciyar da ke rabawa an horar da ita, kuma ana biyan ta? Ana haɗa rabon da gidan sauro da maganin zazzaɓi? Ƙananan hukumomi, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, me suka tanadar wa asibitocin matakin farko?

Da yawa daga yaran da aka haifa a bana za su cika wata shida kafin a kammala muhawarar kasafin kuɗi na baɗi, kuma za su cika shekara biyu ko an saki kuɗin ko ba a saki ba. Waɗannan tambayoyi na da amsoshi a rubuce a ofisoshin kwamishinonin lafiya da na kasafi, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta buɗe wa ɗan ƙasa hanyar neman su.